Matar Ta Ɓoye Ƙararrawa

Sanda mai kan roba. Bargo ruwan toka. Tabarau, hannu ɗaya a ɗaure da zare. Kwalaben magani, ba ko ƙwaya a ciki. Fo na roba, a wanke, a naɗe cikin jarida. Ƙararrawar tagulla.

Duk suna cikin jaka ɗaya a kan cinyarta, ban da sandar da ta maƙale tsakanin gwiwoyi. Da motar ta faɗa rami sai ƙararrawar ta kaɗa daga cikin jakar, da ta kaɗa sai matar ta zabura kamar za ta miƙe. Mutumin da ke kusa da ita har ya gaji ya matsa.

Mai ƙararrawar, mijinta, ya rasu tun bara. Ƙafafunta ne dai ba su sami labari ba.

Dangin mijinta Likita suke ce mata. Ba likita ba ce. Gwajin jini ta karanto a ƙasar waje, ta dawo ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, har ranar da ciwo ya shanye wa mijin ɓarin jiki, ya bar masa bakinsa lafiya lau. Daga ranar ta ajiye farar riga ta ɗauki fo. Sunan dai ya zauna, don ya fi daɗin tsokana.

Auta ne ya kira ta, ƙanin marigayin, mai maɗaba'a. Katin aure da kalanda da takardar shago yake bugawa, amma yanzu ya ce littafi zai rubuta a kan Yayansa: yadda wahala ke wanke mutum. Ya roƙe ta ta kawo kayan jinya, don marubuci yana buƙatar ya taɓa abu da hannunsa. Da ba ta zo ba. Abin da ya taso ta shi ne wadda ke buga masa rubutun a kwamfuta 'yarta ce, wadda tun rasuwar uban ta tare a gidan baffanta, take gaishe da uwarta a waya kamar mai gaishe da maƙwabciya.

Maɗaba'ar na bayan wani shagon taya. A ɗakin gaba injin ke ta haki, warin tawada ya kama ko'ina. Ofishin na ciki: tebur, fanka, doguwar kujera da soso ya leƙo daga gefenta, sai 'yar a lungu gaban kwamfuta.

"Ina wuni, Umma," ta ce, idonta bai bar abin da take bugawa ba.

"Matar Yaya!" Auta ya taso da hannuwa a buɗe. "Likita bokan Turai! An iso lafiya? Kai, har da bargon? Allahu akbar. Har yanzu ƙamshinsa yake."

"Ƙamshin sabulu ne. Ni na wanke."

Bai ji ba. Yana ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan tebur kamar mai baje kolin gwal. Da ya kwance jaridar ya ga abin da ke ciki, sai ya mayar ya naɗe, ya tura ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ƙararrawar kuwa ya ɗaga ta sama.

"Wannan ce za ta hau bangon littafi. Kin tuna ni na sayo masa ita?"

"Ina zan manta? Kai ka kawo, ka sha shayi, ka tafi."

"Mutum ne mai kunya, ba ya son ɗaga murya. Ƙararrawar nan ita ce muryar haƙurinsa. Sakatariya, rubuta wannan: muryar haƙuri."

'Yar ta buga.

Ya ja Likita zuwa bango. Ya juya wata tsohuwar kalanda, a bayanta ya zana tsauni da jan biro. A gindin tsaunin: Ni'ima. A hawa: Jarrabawa. A ƙololuwa, cikin zanen hasken rana: Tsarkaka.

"Kin ga, labari sai da tsari. Mutum yana cikin daɗi. Sai wahala ta zo. Ta dake shi, ta dake shi, har duk dattin ya fita. A ƙarshe ya zama kamar madara. Mai karatu ya yi kuka, ya rufe littafi, ya gyara halinsa."

Ta matsa kusa, ta gyara tabarau. A ƙarƙashin Jarrabawa akwai abu uku. Ciwo. Rashin aiki. Matar.

"Auta, wannan ta ukun wace ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ba ke ba ce. Wato ke ce, amma ta cikin labari. Kin san jarumi sai da mai takura masa. Ciwo ba ya magana, ba a iya rubuta hira da ciwo. Dole a sami mutum."

"Sai aka same ni a kusa."

"Ba za mu sa suna ba."

"Madalla. Kowa zai ɗauka wata matar ce da ya ajiye a ƙarƙashin gado."

Daga gefen kalmar, kibiya ta fita zuwa wani rubutu ƙanana: Babi na bakwai, matar ta ɓoye ƙararrawa. Wannan ba hannun Auta ba ne. Ta san hannun, ita ta koya masa riƙe fensir.

"Da idona na gani, Umma," 'yar ta ce daga lungu. "Hutun da na zo. Kin sa ta a cikin tukunya kin rufe. Yana kwance, ba ya iya tashi."

Gaskiya ne. Ta sa. Yarinyar tana makarantar kwana lokacin, daga can ta wuce jami'a, uban da ta sani na waya ne da na hutu. Likita kuwa ba ta taɓa gaya mata komai ba. Ta ce a ranta yarinya ta tashi da uba ɗaya mai kyau, ko da na ƙarya ne. Ga shi yanzu za a buga ladan shirun nata, kwafi-kwafi, a raba wa dangi.

Ta ajiye mayafinta a hannun kujera.

"Auta, ka ce marubuci sai ya taɓa abu da hannunsa."

"Sosai."

"To mu yi gwaji. Aikina ne, ka sani. Ni ce Yayanka, kai ne ni. Daga yanzu zuwa ka tashi daga aiki. In na kaɗa, ka zo. Shi ke nan."

Auta ya tuntsire da dariya. "Wannan ai wasa ne! Sakatariya, ki lura da kyau, babi guda ne wannan."

Ta miƙe a doguwar kujera, ta ja bargo zuwa ƙirji, ta ɗora ƙararrawa a kai. Ta jira har ya zauna, ya ɗauki biro.

Ƙililin.

"Na'am, Yaya!" Yana dariya.

"Ruwa."

Ya kawo.

"Wannan sanyin, kashe ni kake son yi?"

Ya sauyo.

"Wannan kuma na wanka ne?"

Ya gauraya. Ta kurɓa, ta ce ƙishin ya wuce. Ya koma ya zauna.

Ƙililin. A kashe fanka. Ƙililin. Wa ya kashe fanka? Ƙililin. Bargo ya zame. Ƙililin. A sosa mata tafin ƙafa, ba nan ba, sama, ba nan ba, bari kawai, wasu hannunsu ba albarka. Dariyar Auta ta fara gajarta. Wayarsa ta yi ƙara, mai katin aure ne yana tambayar aikinsa, bai gama sallama ba aka kaɗa. Ya ce a ba shi minti ɗaya. Aka ci gaba da kaɗawa, ba sauri, ba tsayawa, har ya kashe wayar.

"Me kuma?"

"Da wa kake magana?"

"Mai aiki ne."

"Hmm. Mai aiki."

Ya shiga banɗaki. Ta bari sai da ta ji ya sa sakata.

Ƙililin. Ƙililin. Ƙililin.

Ya fito yana ɗaure wando. "Lafiya?"

"Ba komai. Na duba ne ko kana nan."

"Haba, Matar Yaya, wannan kam ƙari ne."

"Ragi dai. Ban jefe ka da kofi ba. Kofin naka ne."

Ana cikin haka wani dattijo ya leƙo, ya zo karɓar takardun shagonsa. Ya ga mace a kwance cikin bargo, ya tsaya. "Ayya, ba lafiya? Sannu, baiwar Allah."

Nan take fuskar Likita ta sauya. Ido ya yi laushi, murya ta yi ƙasa, har da ɗan murmushin mai jin ciwo yana ɓoyewa.

"Alhamdu lillahi, da sauƙi. Ni ba na son damun kowa. Ko ƙishi nake ji sai in haƙura. Yana dai ƙoƙari, bawan Allah, sai dai zuciyarsa a kusa take. Kada ka ce masa komai. Ka dai sa shi a addu'a."

Dattijon ya juya ya yi wa Auta wani kallo daga sama har ƙasa. "Ka ji tsoron Allah, malam. Jinya lada ce." Ya karɓi takardunsa ya fita yana girgiza kai.

A lungu, ƙarar bugun kwamfuta ta tsaya.

Likita ba ta waiwaya ba. Ba ta buƙata. Sau nawa ta tsaya a bakin ƙofa da fo a hannu tana jin waɗannan kalmomi suna fita daga bakin mijinta suna shiga waya, ɗaya bayan ɗaya, zuwa kunnen yarinya a makaranta. Zuciyarta a kusa take. Kada ki ce mata komai. Ki dai sa ta a addu'a.

Ƙililin.

Auta bai motsa ba.

Ƙililin.

"Me?"

"Abin da ka tura ƙarƙashin tebur. Ɗauko."

"Wallahi ba zan..."

Ƙililin. Ƙililin. Ƙililin. Ƙili...

Ya fizge ƙararrawar daga hannunta, ya jawo aljihun tebur, ya jefa ta ciki, ya banko, ya murɗa makulli. Yana huci kamar injin ɗakin gaba.



Likita ta tashi zaune, ta naɗe bargon, gefe da gefe, yadda ta saba.

"Babi na bakwai," ta ce. "Ka ma riga ni. Ni sai da na shekara."

Auta ya dubi makullin da ke hannunsa kamar wani ne ya damƙa masa. Ya ajiye. Ya share gumi. Amma ba a banza yake mai maɗaba'a ba, ya saba a ɓata aiki a gyara kafin mai shi ya iso. Ya ɗauki jan biro ya nufi kalanda, idonsa har ya fara sheƙi.

"Tsaya. Tsaya! Ai labarin ya fi haka daɗi ma. Mu juya shi kawai. Ke ce jarumar. Ke wahala ta daka, ke kika tsarkaka. Mace mai ilimi, ta bar aiki, ta yi haƙuri, ta zama..."

"Madara?"

"Madara!"

"Dube ni da kyau, Auta. Da ina da ƙawaye, ina da dariya. Yanzu na iya yin kamar ban ji ba. Na iya yi wa baƙi murmushi ina zagi a ciki. Jaririn maƙwabta in ya yi kuka, rufe taga nake yi. Abin da na samo ke nan a kan tsaunin naka. Yayanka, Allah ya jiƙansa, ya kwanta da mugun hali ya tashi da wanda ya fi shi. Ba wanda aka wanke. An dai jiƙa mu an bar mu."

"To ai ba a rubuta haka! Wa zai saya? Ina darasin? Kuma mamaci ne, Matar Yaya, ba a..."

"Umma." Muryar 'yar ce. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, karo na farko tun shigowar uwar. "Ranar da kika sa ta a tukunya. Me ya yi?"

Auta ya yi sauri. "Sakatariya, wannan ba maganar yara ba ce."

Likita ta dubi 'yarta. Goshin uban ne, da taurin kan uban. Idan ta faɗa, uban waya ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi, kuma ba tabbas a gode mata. Idan ta yi shiru, Auta na da jan biro da inji.

Ta sunkuya ta jawo ƙullin jaridar daga ƙarƙashin tebur, ta danƙa wa Auta a ƙirji, dole ya riƙe.

"Ga bangon littafinka. Je ka duba injinka, na ji yana cin takarda."

"Ofishina ne fa."

"Na sani. Za ka ji in mun gama, ai ka kulle ƙararrawar."

Ta tura shi waje da tafin hannu, ta rufe ƙofar, ta sa sakata.

"Kashe kwamfutar nan," ta ce wa 'yarta. "Yau zan ba ki labarin ubanki, tun daga farko. Ba wanda zai gyaru a ƙarshe, kuma ba zan rage komai ba, har nawa."