Gizaka a Gashin Kaka Bunruean

Tun daga tashar motar Khon Kaen Duangjai take yi wa saurayinta bita, har suka iso ƙauye bakinta bai huta ba.

"Takalmi a ƙasan matakala za ka bar shi. Kar tafin ƙafarka ya kalli kowa. Kanka kar ya ɗara na Kaka tsawo. Kan mutum kuwa, Wouter, ko na jariri ne, kar ka kuskura ka taɓa."

Wouter mutumin Holan ne, zanƙalele kamar giginya, ita kuwa Kaka Bunruean ko a tsaye iyakarta cibiyarsa. Tsoro Duangjai take ji ba na wasa ba. In tsohuwar ta ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, ya zama ɗan gida. In ba ta ɗaura ba, to Duangjai ba ta ga yadda za ta yi aure ba da albarkar matar da ta goya ta ba. Manemin yayarta ma ƙofa kawai ya tura da ƙafa, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

A kan dakalin katako ƙarƙashin tsamiya suka tarar da Kaka, ga Kawu Thawin a gefe yana fifita da hula. Wouter ya haɗa tafin hannu ya gaishe ta, ya naɗe ƙafafu ta baya, ya ranƙwafa har haɓarsa na neman taɓa katako.

"Wannan ciwon ciki yake yi?" in ji Kawu Thawin.

"Ladabi ne, Kawu."

"Kai, ladabin nan zai karya shi!"

Kaka ko murmushi ba ta yi ba. Ta dai aiki Duangjai kicin ta ɗauko shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda.

Fitowarta ke nan da tire sai ta ga abin da ya kusa zubar mata da abincin: hannun Wouter tsundum cikin furfurar Kaka. Wayyo! Kawu Thawin ya saki baki, hular ta faɗi. Duangjai ta ji hawaye sun cika mata ido, ta ce a ranta shi ke nan, an gama.

Wouter ya janye hannu a dunƙule, fuskarsa ta yi jawur, yana ta maimaita kalmar ban haƙuri, ita kaɗai ya iya a yarensu.

"Me ya ɗaukar mini a ka?" in ji Kaka. "Ce masa ya buɗe."

Ya buɗe. Gizaka ce, ƙatuwa mai gashi, daga tsamiya ta faɗo. Tafin hannun har ya fara tashi ruɗu-ruɗu.

"Ai sai da ya haɗa hannu ya roƙi gafara kafin ya kai hannun," in ji Kawu Thawin. "Ni na zaci addu'a yake."

"Kai kuma da kake kusa da ni, idonka na ina?"

Kaka ta kama hannun ta jujjuya, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta sa aka kawo man zafi ta shafa masa da kanta, sannan ta laluba lalitarta ta zaro farin zare. Ta ɗaura a wuyan hannun da ya kumbura, tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa. Duangjai ta dire tiren ta durƙusa, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Gaya wa Giginyan nan ya miƙe ƙafafunsa kafin su mutu," in ji Kaka.

"Kaka, ta ina zai miƙe? Ko'ina da mutane."

Tsohuwar ta nuna da leɓe. "Ta wajen kawunki. Jikana ne yanzu, ya fi shi amfani."