Ƙashin da Ya Ƙi Ɗori

Baba Yahuza maɗori yana jingine kekensa a zaure sai ga kazar ta fito, ja, tana taku daram, har da tonon ƙasa da ƙafar da ya karya mata da hannunsa kwana arba'in da suka wuce. Haka ya gada daga kakanninsa a Basirka: ranar da za a yi wa mutum ɗori, a karya ƙafar kaza a ɗaure ta ita ma. Ranar da kaza ta taka, mai karaya ya taka. Fiye da shekara talatin abin bai taɓa saɓa masa ba, kuma shi ba mai ɓoye wannan ba ne. Ko a wurin gaisuwar mutuwa sai ya san yadda ya sako zancen.

"Ga shaida nan," ya ce da Ɗanladi, uban yarinyar da ya yi wa ɗorin. "Yau za ta taka."

Ɗanladi ya ɗaga masa labule kawai.

Ɗakin duhu ne, yadda ya umarta. An toshe taga da buhu don kada iska da rana su shiga ɗanyen ƙashi. Hapsatu, uwar, ta haska fitilar waya. Juwairiyya na kwance a tabarma, 'yar shekara uku, idanunta a buɗe. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fara damun sa, don yaran da yake yi wa ɗori da sun ji muryarsa suke tsala ihu. Kanta ya jiƙe sharkaf da zufa alhali ɗakin ba zafi.

Ya kwance tsumman, ya zare karan, ya danna ƙaurin a hankali. Ƙashin ya bi yatsansa. Ba motsin karaya ba ne, wannan ya san shi ko ido a rufe. Lanƙwasa ya yi kamar ɗanyen kara. Ya kai hannu ɗaya ƙafar, wadda ba ta taɓa karyewa ba, ya ji ita ma ta karkace.

"Baba, taɓa ƙirjinta," in ji Hapsatu da ƙaramar murya. "Kwana goma ke nan ina son in faɗa."

Ya shafa haƙarƙarin. A ƙarƙashin fata akwai wasu ƙulle-ƙulle jere reras, layi biyu, dama da hagu, kamar an binne carbi a jikinta. Sai da ya kai na bakwai ya lura ƙirgawa yake yi, har leɓɓansa na motsi. Ya janye hannu ya goge a riga. Yarinyar na kallon sa, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Dada kakarta ta ce mutanen ɓoye ne suka sa mata alama," Hapsatu ta ce. "Wai kada a fitar da ita su gan ta."

Baba Yahuza ya san ƙashin mutum, ya san na saniya, ya san na jaki. Wannan bai san shi ba, kuma tsoro ya ji, tsoro sosai.

"A nemo mota," ya ce.

"Zuwa ina, Baba?"

"Birnin Kudu."

Ɗanladi ya dube shi da kyau. Kaf Basirka babu wanda bai san sunan da Baba Yahuza yake kiran likitoci da shi ba: mahauta masu farar riga.

Sun bi ta Gwaram a cikin bas, yarinyar lulluɓe da zane a cinyar uwarta. Da motar ta sha kwana, rana ta zuro ta taga ta sauka a fuskarta, sai ta runtse ido ta yi wani ɗan ƙara. Shi ne sautin farko da ya ji daga bakinta tun safe.

A asibiti sun bi layi, an ɗauki hoton ƙashi, an ɗebi jini, sai bayan azahar suka shiga wurin Likita Ummussalma, wadda ba ta girmi autarsa ba. Ta buɗe bakin yarinyar ta daɗe tana duba haƙoran, ƙanana, duk sun zaizaye. Sannan ta ɗaga hoton a hasken taga.

Baba Yahuza bai taɓa ganin ƙashin mai rai ba sai yau. Ya zaci zai gan shi fari tas. Sai ya ga wani abu dishi-dishi kamar hayaƙi, bakinsa a tarwatse kamar tsohuwar tsintsiya. Ya dubi yarinyar, ya sake duban hoton. A hoton kamar ta fara ɓacewa.

"Ba aljanu ba ne," in ji likitar. "A jikin yaro akwai wasu ƙananan magina, mu muna ce musu inzayim, su ke daɓe ƙashi da haƙori har su yi ƙarfi. Jininta ya nuna suna ta aiki ba hutu, sun ninka yadda ya kamata, amma kayan ginin ba sa iso musu. Kayan suna cikin abinci irin su nono. Abin da ke shigo da su jini kuwa bitamin D ne, shi kuma fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Tana shan nono?"

"Tun da aka sayar da shanun sai kunu," in ji Ɗanladi.

"Rana fa?"

"Dama ba mai fita ba ce," Hapsatu ta ce. "Tun da ta karye kuwa ba ta gan ta ba."

"Kwana nawa?"

"Arba'in."

Likitar ta ajiye biro. "Wa ya ce a rufe ta?"

Hapsatu ta sunkuyar da kai. Ɗanladi ya yi gyaran murya ya ce, "Shawara ce dai ta gida, likita." Rufa masa asiri yake yi, kuma wannan ya fi yi wa tsohon ciwo fiye da a ce zagin sa ya yi.

"Ni ne," in ji Baba Yahuza. "Ni na ɗaure ƙafar, ni na ce a toshe taga."

Ta dube shi, ba da faɗa ba. "Ba kai ka sa mata ciwon ba, Baba, da shi ka same ta. Shi ya sa ɗan tuntuɓe ya karya ta. Amma duhun ya ƙara mata."

"Za ta taka?"

"In sha Allahu, da magani da nono da rana. Za mu riƙe ta kwana biyu. Ƙafar hagun dai ban yi alkawarin za ta miƙe ba." Ta ci gaba da rubutu, sannan ta ɗago. "Kai da kake yawon ƙauyuka, kana ganin irin wannan? Yaro ya karye ba da wata faɗuwar kirki ba?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tuna da Zulaiha ta Kangire, 'yar shekara biyu, wadda hannunta ya karye don kawai uwarta ta ɗago ta daga bahon wanka. Har faɗa ya yi wa uwar a kan garaje. Yau kwananta ashirin da uku a ɗakin duhu, yadda ya umarta.

Ya miƙe, ya fita ya bar takalminsa ɗaya a juye, sai da Ɗanladi ya biyo shi da shi har bakin ƙofar asibiti.

"Baba, motar Gwaram ta can take."

"Koma wurin 'yarka."

La'asar ta yi, rana ta fara sanyi. Ya tsai da ɗan acaɓa, ya tattare babbar riga ya hau da ƙyar.

"Kangire," ya ce. "Ka yi sauri, kafin rana ta faɗi."

"To, Baba. In na sauke ka in juyo, ko in jira?"

Baba Yahuza ya bi gidajen da ya sa aka toshe wa taga ɗaya bayan ɗaya a ransa.

"Jira," ya ce. "Daga can akwai Wurno. Gida biyu."