Tsuntsu Mai Ƙafar Hagu Biyu

Sati na uku da na fara aikin gwaji a gidan tarihi, Farfesa Gong ya shigo rungume da wani falalen dutse kamar mai ɗauke da jariri.

“Ku zo ku ga abin da ba a taɓa gani ba! Ƙasusuwan tsuntsu ne a jikin dutse, na zamanin dinoso, shekaru miliyoyi da suka wuce, ga fukafukai, ga doguwar wutsiya. Sunana zan raɗa masa.”

Kowa ya yi tafi. Ni aka ba aikin zana shi, tunda ni ce ba na magana.

Da na sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai na duba ƙafafunsa. Duk ƙafafun biyu na hagu ne. A tsagar dutsen kuma ga gam da aka kwaɓa da garin dutse aka shafe da babban yatsa. Na san yatsan nan. A ƙauyenmu na Liaoning, in an gama girbin masara maza kan hau tudu fasa dutse suna neman irin waɗannan ƙasusuwan don sayarwa, kuma babu wanda ya kai babana iya haɗa fasasshe.

Na laɓe a bayan gini na kira shi a waya.

“Baba, kai ka haɗa wani tsuntsu mai doguwar wutsiya?”

“Wanne daga ciki, Shulan?”

“Mai ƙafar hagu biyu!”

“Au, wannan. Ta daman ai kakarki ce ta daka ta sha don ciwon gwiwa. In bar bawan Allah da ƙafa ɗaya? Na ara masa ta wani.”

“Wutsiyar fa?”

“Ta ƙadangare ce. Ba ta yi masa kyau ba?”

In na yi shiru, Farfesa zai buga shi a mujalla, da zanena a ƙasa da sunana. In na yi magana, wa zai riƙe yarinyar da ta kunyata maigida?

Ranar Litinin, ana tsakiyar taro, na ɗaga hannu.

“Malam... ƙafafunsa duk na hagu ne.”

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya daɗe sunkuye a kan dutsen. Kunnuwansa suka yi ja.

“Da ma gwada ku nake yi,” ya ce. “Ku goma, digiri a jibge, sai wannan 'yar shiru-shirun ce mai ido? Tunda ke kika gani, ke za ki raba su. Wane ɗan iska ne ma ya yi wannan aiki?”

Na ce ban sani ba.

Wata biyu na yi ina ɓanɓare gam da allura. Dabbobi uku suka fito, kowanne na gaske, aka kuma ba ni aikin dindindin.

Da na faɗa wa Baba, bai ko taya ni murna ba.

“Wata biyu cur?” ya ce. “Ki gaya wa farfesan naku, wannan shi ake kira gam.”