Rabin Allon Baba Dalyop

Takarda ta tara ce ta maƙale a cikin firinta. Sadiyya ta ɗaga murfin ta zaro ta a hankali, Zahra tana goye a bayanta tana jan ɗankwalinta. Ta dubi agogon kicin: sha ɗaya saura kwata. Tun da safe Edna, nas ɗin da ke jinyar Baba Dalyop a hawan ƙasa, ta ce mata da wuya ya kai yamma. 'Yarsa Kaneng ta taso daga Ocean City, amma Asabar ce ta lokacin zafi, motoci sun cushe tun kafin babbar gadar da ke kan hanya.

Jiya ne tsohon ya damƙa mata filash ɗin kwamfuta. "Maman Zahra, takarda goma sha huɗu ne. Ki buga, ki haɗa su da salatif. Ina so in ba ta da hannuna."

Mutumin Bukuru ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana zanen taswira a ofishin masu haƙar kuza kafin ya biyo matarsa Amurka, suka zauna a nan Greenbelt har ta rasu. Kaneng kaɗai suka haifa. Tana aji uku a karatun injiniya ta ajiye, ta koma bakin teku tana sassaƙa allunan da ake tsayawa a kai a hau igiyar ruwa. A gaban mutanen coci ya ce shi bai haifi kafinta ba. Shekara shida ke nan ba ta taka gidan ba, sai waya ranar Kirsimeti.

Bara waccan Sadiyya ta kai masa kunun gyaɗa ta tarar da shi gaban kwamfuta, ya sauke wata manhajar zane ta kyauta, Inkscape, yana jan wani dogon layi mai lanƙwasa. Ya ce samfurin allo ne, irin wanda masassaƙi ke shimfiɗawa ya bi gefensa da fensir.

"Baba, mutumin Jos da allon teku? Ruwan da kuka sani ai na kududdufin kuza ne."

"Ko a kududdufin ma ban iya iyo ba," in ji shi. "Amma layi na sani. Dubi nan. Ɗigo uku sun isa. Yaran yanzu sai su zuba ɗigo ashirin, layin ya yi ta gargada kamar hanyar ƙauyenmu."

A ranar ne kuma ta waiga ta ga Zahra riƙe da wuƙar yanka takarda. Daga nan ba ta sake shiga da yarinyar ɗakinsa ba. Abinci ma daga bakin ƙofa take miƙawa. Bai taɓa yi mata ƙorafi ba.

Takarda ta goma sha huɗu ta fito. Sadiyya ta jera su a ƙasa. A kusurwar ta farko akwai ɗan murabba'i, ya rubuta a ciki: inci biyar, a auna kafin a yanka. Ta ɗauko tef ɗinta na ɗinki ta auna. Huɗu da kwata uku ma bai cika ba. Ta sake aunawa. Haka dai.

Ta tsaya a bakin matattakala tana tunanin inda za ta ajiye Zahra. Mijinta Fatihu yana wurin aiki sai dare, maƙwabciyar da ke karɓar mata ita ta yi tafiya. Ta ƙara tamke zanin goyon ta sauka.

An kawar da teburin zanen an sa gadon asibiti a falo. Baba Dalyop ya buɗe ido.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Ina takarduna?"

"Awon bai cika ba. Inci biyar ɗin ya ragu."

Sai ƙirjinsa ya fara motsi. Edna ta matso da sauri, ashe dariya yake yi.

"A4," ya ce. "Shekara talatin a ƙasar nan, hannuna bai bar takardar gida ba. Ta nan gajera ce. Injin ya matse zanen don ya shiga." Ya huta. "In aka sassaƙa a haka, allon Zahra zai fito."

"To yaya zan yi?"

Amma idanunsa sun rufe. Edna ta dube ta, ta dubi agogon hannunta.

Sadiyya ta hau da gudu. Ta nemo wurin da ake hana firinta rage girma, ta buga ɗaya: murabba'in ya cika, amma ƙasan zanen ya yanke. Ta yi tsaki. Ta buɗe durowar Fatihu, ta birkita, har ta kai ga dogayen takardun nan irin na lauyoyi da suka saya lokacin cike-ciken takardun zama. Ta ƙirga, goma sha shida. Kuskure biyu kawai aka yarje mata. Zahra ta fara kuka, ta miƙa mata biskit ta kan kafaɗa ba tare da ta waiga ba.

Wayarta ta yi ƙara. Kaneng ce, da Hausarta ta 'ya'yan nan mai tsalle-tsalle.

"Anti, ina kan gada. Mota ba ya tafiya. Yana nan?"

"Yana nan. Ki tuƙa a hankali, kin ji? Kada ki yi gudu."

Ta buga a dogayen takardun, ta auna: inci biyar cif. Ta haɗa alama da alama, ta manna, ta bi layin da almakashinta na yadi, wanda ko Fatihu ba ta bari ya yanka takarda da shi. Ta miƙe ta dubi abin da ke ƙasa. Dogo ne, ya fi ta tsawo, gefe ɗaya ya lanƙwasa sumul daga hanci zuwa wutsiya, ɗaya gefen kuwa miƙaƙƙe ne kamar an datsa da wuƙa. Rabin allo ne. Ta koma cikin filash ɗin ta duba ko akwai wani zanen. Babu.

Ta sauka da shi a kan hannuwanta biyu. Edna ta taya ta shimfiɗa shi bisa bargon. Tsohon bai buɗe ido ba, amma yatsansa ya lalubo gefen, ya bi lanƙwasar a hankali har inda hannunsa ya iya kaiwa.

"Baba, ɗaya rabin fa? Ban gan shi ba."

Leɓensa ya motsa. Ta sunkuya.

"Ta sani."

Ƙarfe ɗaya da minti goma ya cika. Edna ta cire masa robar hanci, ta rufe injin iska. Ɗakin ya yi tsit. Sadiyya ta yi salati a ranta, ta gyara masa bargo. Sai ta naɗe samfurin ta tura bayan kujera. Yarinyar da ba ta riske shi da rai ba, a kuma miƙa mata aikin da ubanta bai ƙarasa ba? Gara a bari sai bayan an binne shi.

Kaneng ta iso biyu da kwata, doguwa, rana ta ƙona ta, da farar ƙura a ƙasan faratanta. Ta daɗe a durƙushe gaban gadon. Da ta ɗago sai ta ce, "Ya ce wani abu?"

Sadiyya ta buɗe baki za ta ce a'a, ta kasa. Ta jawo naɗin daga bayan kujera.

"Shekara biyu yana yi miki wannan. Ya so ya ba ki da kansa. Ki yi haƙuri, rabi ya samu yi."

Kaneng ta warware shi a kan katakon falon. Ta dube shi daga hanci, ta zagaya ta dube shi daga wutsiya, ta kwantar da kai ƙasa ta hango layin da ido ɗaya.

"Anti, kina da abin rubutu? Na ƙasa."

Allin tela ne a aljihun Sadiyya. Kaneng ta danne takardar da gwiwa ta bi lanƙwasar da allin. Sannan ta kama gefen ta kifa samfurin a kan miƙaƙƙen layin, kamar mai juya shafin littafi, ta sake bi.

"Haka ake yi. Rabi kawai. Don hagu da dama su zama ɗaya." Ta taɓa wajen wutsiyar, ta yi wata gajeriyar dariya, hawaye na zuba. "Allona ne, na cikin hoto da na aiko. Amma ya gyara nan. Ko yanzu sai da ya gyara mini."

Ta ɗauke takardar. Cikakken allo ya bayyana a ƙasa da farin alli, hancinsa na fuskantar gadon.

Zahra, wadda aka sauke ba a lura ba, ta tako ta tsallaka layin ta tsaya a tsakiya, da guntun biskit a hannu. Sadiyya ta miƙa hannu za ta janye ta, sai ta mayar da hannun.