Faifan Ozella Pickett

"Riƙe shi ta gefe, Verna! Ba farantin miya ba ne."

Ozella maƙwabciyata ce ta daka mini tsawa daga kan gado, ita da likita ya ce ba za ta kai Lahadi ba. Faifan garmaho ne baƙi mai nauyi, shi kaɗai ya rage na waƙar da ta yi a nan Memphis a 1949. Burinta ɗaya, 'yarta Lurleen ta ji shi tana raye.

Lurleen 'yar coci ce, ta taso ana gaya mata uwarta ta yi wa Shaiɗan waƙa a gidajen giya. Ta tsaya bakin ƙofa da hannu a ƙirji.

Na ɗora faifan kan injin da na aro wajen mai aski. Ashe injunan zamani ba sa juyawa da saurin da tsofaffin faya-fayai ke buƙata, ni kuwa ina na sani? Allura na sauka sai ga wata murya kamar ta ƙato mashayi yana nishi.

"Wannan ce muryar da ake ta ba ni labari?" in ji Lurleen. "Allah Ya yafe miki, Mama."

"Ba ni ba ce! Verna, ƙara masa gudu!"

Na sa yatsa ina juya faifan. Muryar ta haura, ta faɗi, ta koma kukan mage. Gumi ya jiƙa mini riga.

"Bar shi haka," Ozella ta ce, ta juya fuska bango.

Kwana uku ina yawon shagunan gwanjo. Ranar Alhamis na samo garmaho irin na da, wanda ake wanawa da hannu. Ozella ta rasu Laraba da hantsi. Har yau haushin kwana ɗayan nan bai sake ni ba.

A coci, ranar jana'izarta, fasto ya yabi girkinta da gugarta. Ko sau ɗaya bai ce ta taɓa waƙa ba.

Da muka dawo na ajiye garmahon a barandata, daura da tagar gidan Ozella, na wana shi. Muryar yarinya 'yar shekara ashirin da biyu ta fito tangaram, har da dariyarta kafin ganga ta shigo.

Lurleen na ciki tana ninke zanin gadon uwarta. Na ga hannunta ya tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta matso, ta sauke tagar a hankali, ta ja labule.