Kwanon Ruwa a Kan Zaituna

Ranar da aka tashi mutanen tsohon Zongo, azara ta faɗo wa Zaituna a ka ana loda kaya a mota. Ta farfaɗo a asibiti tana tambayar takalminta. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta girgiza, ta huta, ta guji rana da hayaniya.

Kumburin ya sace, amma jiri ya ƙi tafiya. Ga shi an riga an sa ranar saukarta ta Alƙur'ani. Tun tana ƙarama, in ta ɗauki allo sai jikinta ya fara rangaji gaba da baya, kamar kowane ɗalibi. Yanzu kuwa tana fara rangajin sai baƙaƙen su tarwatse, zuciyarta ta tashi.

Malam Buraima, malaminsu, ya ce, "'Yata, in ba za ki iya ba, a bari sai baɗi."

Baɗi sa'o'inta duk sun sauke. Ta gwada karatu a sandare, aya biyu jikin ya koma halinsa.

Wata safiya ta dawo daga famfo da ƙaramin kwano a ka, tana bita a hankali. Sai da ta kai ƙofar gida ta lura ta gama shafi guda, ba jiri. Mai ɗauke da ruwa ai ba ta kaɗa kai! Ta zauna a inuwa da kwanon a ka, ta jawo allo.

Kakarta Kulsum ta leƙo. "Ke, karatu kike ko talla? Nawa kofi?"

"Kaka, kar ki ba ni dariya, zan jiƙe!"

Ta jiƙe kuwa, ranar da washegari. In kai ya fara sarawa, ta sauke kwanon ta rufe ido, ya lafa ta koma. A hankali wuyanta ya koya.

Ranar sauka ta zauna gaban malamai ba kwano, amma tana jin nauyinsa. Kanta na bugawa kaɗan-kaɗan. Ta yi bisimilla, ta karanta allonta har ƙarshe, baƙaƙen suna zaune a wurinsu.

"Masha Allah!" in ji Malam Buraima. "Ta sauke."

Kaka Kulsum ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai ta dubi kan jikarta. Ta tattare zane ta fice da gudu har bakin titi, can ta saki guɗar. Daga nesa Zaituna ta ji, ta yi dariya ba tare da ta motsa wuya ba.