Rawanin Baba a Ƙarƙashin Katifa

Ni ne babba a gidanmu, wannan a fara sani. Sunana Sada, ɗan limamin Juma'ar garinmu. Baba ya turo ni Alƙahira in karanta fiƙihu, na yi shekara biyu kaina bai ɗauka ba, na koma tarihi. Ƙanena Al'amin ya biyo ni daga baya, shi kam ya zauna daram a kan fiƙihun. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Hayyus Sabi', tukunya ɗaya muke ci.

Duktura Eman, mai duba kundin digirina, ita ta liƙa mini wani basaraken ƙasar Folan, Boleslaf mai karkataccen baki, wanda ya yi mulki shekara kusan ɗari tara da suka wuce. Da zai mutu sai ya raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa, ya ce babban shi ne gaba da kowa. Ba a rufa shekara goma ba ƙannen suka haɗa kai suka kori babban, ya mutu a ƙasar wasu. Babi uku na rubuta a kan wannan bawan Allah da aka kora.

"Ya Sada," in ji Duktura, "kai ɗan tarihi ne ko lauyansa?"

Dariya na yi. Lokacin ban san abin da ke tafe ba.

Ran nan maƙwabcinmu na gida, Alhaji Zubairu, ya zo ganin likitan gwiwa a unguwar Muhandisin, ya kira ya ce akwai saƙo. Al'amin na jarrabawa, sai na tafi ni kaɗai. Ya miƙo mini jaka: kilishi, yaji, daddawa. Sannan ya ɗauko wani ƙunshi a farin ƙyalle, ya riƙe da hannu biyu.

"Wannan na Malam ƙarami ne, in ji Liman."

Malam ƙarami! Yaron da na goya, na share wa majina?

A cikin mota na ɗaga gefen ƙyallen. Rawanin kakanmu ne. A gidanmu ba a tara mutane a ce wane ne magaji. Wanda aka bai wa rawanin nan shi zai hau mumbari bayan Liman, shi ke nan. Na wuce tasharmu ban sani ba, sai da direba ya daka mini tsawa.

Na ba Al'amin kilishinsa. Rawanin kuwa na cusa shi ƙarƙashin katifata.

Kwana tara ina kwana a kansa. Kishi nake, ba zan ɓoye ba, kishi mai hana cin abinci. In Al'amin ya ja mu sallar Magariba, maƙwabtanmu 'yan Sudan suna ta yaba muryarsa, sai in ji kamar in fasa sahu. Yadda yake tauna burodi haushi yake ba ni. Yadda yake cewa "ma'alish, Yaya", wato yi haƙuri, in na yi masa faɗa ba dalili ya fi komai ba ni haushi. Shi ɗan basaraken Folan ƙannensa 'yan uba ne, yana da uzuri. Mu uwa ɗaya uba ɗaya, ni ko wannan ban samu ba. Abin takaicin ma, ba son limancin nake ba. Ko ɗaurin aure aka ce in yi addu'a, gumi nake. So nake a fara tambayata, in ce a'a da bakina.

Rana ta tara, bayan La'asar, Al'amin na wanke shinkafa, sai ga Baba ya kira ta bidiyo. Aka jingina wayar jikin tulun shayi, muka durƙusa muka gaishe shi.

"Saƙo ya iso?"

Al'amin ya dube ni sau ɗaya.

"Ya iso, Baba. Yana hannun Yaya."

Ashe Alhaji Zubairu ya gaya masa tun ranar. Kwana tara yana kallona, yana zuba mini shayi, bai ce uffan ba. Kai, wannan yaro!

"Madalla," in ji Baba. "Inda ya kamata ke nan. Sada, ɗauko ka naɗa masa ina gani. Wanda aka zaɓa ba ya naɗa wa kansa, babba ke naɗawa. Ni ma yayana Harun ya naɗa mini."

Baffa Harun. Tun ina yaro nake ganinsa duk Juma'a yana tura kekensa zuwa garin gaba salla, alhali masallacinmu na bayan katangarsa. In an tambaya ya ce iskar hanya yake so. Mu yara har dariya muke masa. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba, ni mai babi uku.

Na ɗaga katifa a gaban kowa. Rawanin ya yamutse, Baba ya gani. Al'amin ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai, na tsaya a kansa ina zagayawa. Da na gama na ja baya. Wallahi ya yi masa kyau, kamar don shi aka saƙa.

"Yaya, ya ɗan matse," ya faɗa a hankali.

"Haka ake naɗa shi."

Baba ya yi doguwar addu'a, muka shafa. Har zai kashe wayar na matso.

"Baba, Baffa Harun yana da waya?"



"Yana da ita," ya ce. "Ba ya dai ɗauka in ni ne."